TAKARDAR ASALI MAKAMIN TALAKA CE

'Yan'uwa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, a karanta wannan a taron reshe, mai boko ya fassara wa marar boko.

Ranar 7 ga Yuli 2019, a birnin Yamai, shugabannin Afirka sunka buga gangar kasuwar bai-ɗaya da ake kira ZLECAf, daga baya ciniki ya soma a hukumance ranar 1 ga Janairu 2021. Mun ji, mun yi murna. Amma ku sani, ɗan duwan ba ya sassauta kuɗin fito don jawabin shugabanni. Takarda yake dubawa, wadda ke shaida cewa kayan nan a ƙasarmu anka noma su ko anka sarrafa su. Ita ce takardar asalin kaya. In babu ita, man gyaɗan Maraɗi da wanda ya sauko daga jirgin ruwa duk ɗaya ne a bakin iyaka.

Ga doka a taƙaice. A ƙa'idar UEMOA ta 2001, kaya na zama namu ta hanya uku: ko dukkansu daga ƙasarmu sunka fito, ko an sarrafa su har sunka canza aji a littafin duwan, ko aikin da anka yi musu a nan ya kai kashi 30 cikin 100 na kuɗinsu a bakin masana'anta. Amfanin gona, dabbobi da aikin hannu kuwa an yafe musu takardar. To albasar Galmi mai tafiya Abijan ko Lome, da wane hakki wani zai tsare ta a rana yana neman takardar asali, har ta ruɓe cikin buhu? Wanda bai san dokarsa ba, shi ke biyan abin da ba a binsa.

Wasu manyan 'yan kasuwa suna cewa wannan takarda ɓata lokaci ce, kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja ba da ita ba. Mu tambaye su: mene ne cikin sitonku? Shinkafar Asiya ce da anka sauke a Kwatano, ta hau mota ta ratso ƙasarmu don ta sulale kudu. Mai irin wannan ciniki ba zai so a tambayi asalin kaya ba. Da Najeriya ta rufe iyakarta a Agusta 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, har Disamba 2020, wa ya sha wuya? Mai wake, mai aya, mai raguna, waɗanda ba su taɓa sayar da ƙwayar shinkafar waje ba. Wani ya ci, wani ya biya.

A Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, alhali Najeriya da Gana ba su cikin UEMOA. Ke nan mai kai kaya Kano ko Kumasi ya kamata ya koyi ƙa'idar ZLECAf. A cikinta, kayan da ba su wuce dalar Amurka 5,000 ba, mai su na iya rubuta shaidar asali da kansa a kan takardar ciniki. Ƙaramin ɗan kasuwa nawa ya taɓa jin wannan?

Ga abin da muke nema. A riƙa ba da takardar a kowane babban garin kasuwa da kowace iyaka, daga Kwanni har Magarya. A liƙa farashinta a ƙofar ofis, a ba da rasit. A fassara ƙa'idar da Hausa, a karanta ta a rediyo. Wanda anka kama ya liƙa sunan Nijar a kan kayan waje, a hukunta shi kome ƙarfin aljihunsa.

Kowane reshe ya zaɓi mutum ɗaya mai karatu, ya zauna da masu albasa, masu fata da masu kilishi ranar kasuwa mai zuwa, ya koya musu abin da ke buƙatar takarda da abin da anka yafe. Kada mu bar wannan ilimi a hannun 'yan kamasho kaɗai.