Ƙofa a buɗe, ba ɗan jagora: abin da yaranmu ke tararwa a kwalejin al'umma ta Amurka

Shekara uku ke nan da ɗan yayata ya ci cacar bizar Amurka. Yaro ne mai bak, kansa na ja a lissafi, a hannuna ya koyi karatu tun yana firamare. Wata takwas da isarsa ya kira ni cikin murna: "Kawu, na shiga makaranta. Ba konkur, ba jira, takarduna kawai na kai aka ɗauke ni." Muka yi masa barka, uwarsa har sadakar masa ta yi. Karatun na shekara biyu ne. Da lissafi ya tafi daidai, bana zai karɓi takardarsa. Yau da nake wannan rubutu da ƙyar ya wuce rabi, kuma bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba sai sau ɗaya.

Makarantar da ya shiga ita ce can suke kira kwaminiti kwalej, wato kwalejin al'umma. Kada sunan ya ruɗe mu, domin a nan in an ce kwaleji hankali na tafiya ga yaran da ke neman birebe. Waccan ta manya ce, bayan an gama lise ake shigar ta. Ana yin shekara biyu a samu ƙaramin digiri, daga nan ko dai mutum ya kama sana'a, kamar aikin jinya, lantarki ko kwamfuta, ko ya wuce jami'a ya ƙara shekara biyu ya cika babban digiri. Ta farko ta gwamnati an buɗe ta a garin Joliet na jihar Illinois a 1901, yanzu sun kai kusan dubu. Abu biyu ke jan talaka da baƙo zuwa gare su: kusan duk wanda ya zo ana ɗaukarsa, kuma kuɗin da sauƙi. A matsakaici ɗan yanki na biyan wajen dala 4,000 a shekara, alhali jami'ar gwamnati ta haura dala 11,000.

Ni dai ina ganin wannan tsari abin yabo ne. Mu da yaro ke faɗuwa birebe sau biyu a sallame shi, mu da shekaru ke rufe wa mutum ƙofar aji har abada, ba mu da bakin raina makarantar da ke karɓar direban taksi mai shekara arba'in. Amma abin da na fahimta daga wahalar yaron nan shi ne, mu iyaye tambaya ɗaya muke yi, "nawa ne?", alhali abin da ke raba wanda ya gama da wanda ya watsar ba kuɗin rajista ba ne. Shi ne ko akwai wani mutum a cikin makarantar da ya san sunan yaron, ya zauna da shi ya nuna masa hanya.

Ga yadda abin ya faru. A yawancin jihohi sai ka yi wata goma sha biyu kana zaune kafin a lissafa ka ɗan jiha. Kafin nan farashin baƙo za ka biya. Don a ga girman bambancin, mu ɗauki jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar ke da yawa a birnin Greensboro: ɗan jiha na biyan dala 76 kan kowane kiredi, baƙo na biyan dala 268. Cikakken zango kiredi 12 ne. Ke nan ɗaya zai biya dala 912, abin da ya haura jika ɗari biyar na sefa, ɗayan kuma dala 3,216, kusan miliyan biyu. Aji ɗaya, malami ɗaya. Yaronmu ba a wannan jiha yake ba, amma dokar tasu iri ɗaya ce. Ya yi rajista yana da wata takwas. Da ya haƙura wata huɗu, da bai biya farashin baƙo ba. Matar da ta karɓi takardunsa ta ga ranar da ya shigo ƙasar a rubuce. Ba ta ce masa komai ba, shi ma bai san akwai abin tambaya ba.

Haka kuma sai a zango na biyu ya ji, daga bakin wani ɗan Gine da suke aikin dare tare, cewa mai katin zama na dindindin yana da damar cika takardar FAFSA ya nemi tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ba bashi ba ne, kuma a ƴan shekarun nan ya kai dala 7,395 a shekara ga mafi ƙarancin hali. A nan iyaye su lura: wanda ya je da bizar karatu ba shi da wannan tallafi, galibi farashin baƙo zai yi ta biya har ya gama, dole ya ɗauki cikakken zango, kuma aikin da aka yarje masa bai wuce awa 20 a mako ba, a cikin makarantar. Duk wanda ya ce muku yaro zai je da bizar karatu ya yi aiki ya biya wa kansa har ya aiko gida, bai gaya muku gaskiya ba. Ita kanta bizar ta ƙara wuya ga ɗan Nijar, amma wannan zance ne daban.

Inda na fi so mu tsaya shi ne maganar zaɓen darussa, don a nan ne tarbiyyar lekol ɗinmu ke cutar yaranmu ba tare da mun sani ba. Tun daga ajin farko har bak, ɗanmu bai taɓa zaɓen darasi ba. Ana ba shi jadawali, ana ba shi aji, ana ba shi mushe. Bayan birebe ma hukuma ke yin oriyantasiyo ta ce kai A, kai C, kai D. Mun koya masa cewa yaron kirki shi ne mai jira a gaya masa. Can kuwa sai a buɗe masa shafin intanet mai darussa ɗaruruwa a ce zaɓi. Kowane darasi da lambarsa, wani sai ka yi wani kafin a bar ka ka shige shi, wani sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, wani kuma jami'ar da kake son wucewa ba ta lissafa shi ko kaɗan.

Akwai mashawarta, aikinsu ke nan. Amma mutum ɗaya na riƙe da ɗalibai ɗaruruwa. Yaron ya ce sau uku ya je ofishin, mutum uku daban ya gani, kowane bai fi minti goma ba. Na farko ya tambaye shi me yake so ya karanta, ya ce injiniya. Aka sa shi a layin koyon gyaran na'urorin masana'anta, wanda digirinsa na kama aiki ne kai tsaye, ba na wucewa jami'a ba. Kalma ɗaya ce a bakin yaron, hanya biyu ce a littafin makarantar. Sai bayan zango biyu ya gane darussa huɗu da ya biya kuma ya ci ba za su bi shi jami'a ba. Kafin wannan ya riga ya yi zango guda yana darussan ƙarfafa Turanci, waɗanda ake biya amma ba su shiga lissafin kiredi 60 na digiri. Wannan ban ga laifinsa ba, da Faransanci ya yi karatu. Darussa huɗun nan ne ke ci mini rai.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya fitar da rahoto a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredinsu. Kusan takwas cikin goma na masu shiga kwalejin al'umma na cewa babban digiri suke nufi, amma wajen ɗaya cikin shida ke samun sa a cikin shekara shida. Waɗannan fa har da ƴan ƙasa, masu Turanci tun daga nono.

Wani zai ce ai ba yaro ba ne, komai na rubuce, ya karanta mana. Na yarda komai na rubuce. Amma mu malamai mun san rubutu a allo ba shi ne koyarwa ba. Kuma an gwada an gani. Jami'ar birnin New York, CUNY, ta soma wani shiri a 2007 mai suna ASAP a kwalejojinta na al'umma. Ba wani sihiri a ciki: ɗalibi ya ɗauki cikakken zango, a cike masa giɓin kuɗin makaranta, a ba shi littattafai da katin shiga jirgin ƙasa da bas, sannan a ba shi mashawarci ɗaya tsayayye mai ɗalibai kaɗan, wanda dole su riƙa ganawa sau biyu a wata. Cibiyar bincike ta MDRC ta raba ɗalibai ta hanyar ƙuri'a ta bi su shekara uku. Kashi 40 na waɗanda ke cikin shirin sun gama, kashi 22 na sauran. Yara iri ɗaya, azuzuwa iri ɗaya. Shirin ya fi tsada kan kowane ɗalibi, amma da aka raba kuɗin kan waɗanda suka gama sai ya fi arha.

Ba na son a ɗauka ma'aikatan can mugaye ne. Yawancin masu koyarwa a waɗannan kwalejoji na wucin gadi ne, ana biyansu kan darasi, wasu ba su da ko ofis, suna gama wannan aji su ruga wata makaranta. Duk wanda ya yi kwantaragi a ƙasar nan kafin a ba shi lambar ma'aikaci, kamar yadda na yi, ya san ba a neman mai wannan hali ya zauna hira da ɗalibi bayan an tashi. Kuma wadda ta ceci yaron nan ma'aikaciya ce, wata dattijuwa a ɗakin taimakon lissafi. Ta ga yana warware abin da ya fi ajinsa, ta tambaye shi me yake yi a wannan layi. Ita ta buga masa takardar yarjejeniyar da ke tsakanin kwalejin da jami'ar jihar, ta ja layi a ƙarƙashin darussan da ake lissafawa, ta rubuta masa sunan mashawarcin da zai nema, ta ce kada ya yarda a tura shi wajen wani. Ba aikinta ba ne. Abin da nake suka shi ne a ce makomar ɗalibi ta dogara ga sa'ar haɗuwa da irinta.

Saura namu laifin, kuma shi ya fi wuyar faɗa. Darasi ɗayan da ya faɗi, a zangon da babbar salla ta faɗo ne. Gida an sa ido, ga rago, ga ɗinkin ƙanne, ga wani kawu da ke asibiti. Ya ƙara awoyin aikin dare a sito, yana tashi ƙarfe shida na safe ya shiga aji ƙarfe takwas. Da ya ga ba zai iya ba, ranar janyewa daga darasi ta riga ta wuce, ba a mayar da kuɗi, sakamakon kuma ya zauna a takardarsa. Tallafin Pell na da sharaɗi: galibi sai ɗalibi na cin kashi biyu cikin uku na darussan da ya ɗauka, matsakaicin makinsa kuma bai sauka ƙasa da 2 cikin 4 ba. In ya ci gaba da saɓawa a yanke. Mu nan muna ganin jika ɗari da ya aiko, ba mu ganin abin da aka cire a can kafin ta iso. Ni ma na taɓa karɓa, ban tambaya ba.

Da hutun nan na je na zauna da yayata. Na ce mata, Yaya, in ya kira, kafin ki kawo maganar gida ki tambaye shi sunan mashawarcinsa da ranar da ya gan shi. Ki tambaye shi ko darussan wannan zango suna cikin takardar da dattijuwar nan ta ja wa layi. Ki tambaye shi awa nawa yake aiki, awa nawa yake barci. Ta ce ita da ba ta yi lekol ba ina za ta gane amsar? Na ce ba sai kin gane ba, shi zai ji ana tambaya. Mun kuma yi shawara da mijinta cewa har ya gama ba wanda zai nemi ko dala a wurinsa sai in rashin lafiya ce. Ragon bana ni da ƙanenmu muka haɗa muka saya.

Kiredi 27 suka rage masa. Ya ce in Allah ya yarda zango uku, don ya rage aikin dare zuwa kwana uku a mako.