Yaron da Aka Ɗora wa Laifin Gida

'Yan'uwana matasa, akwai maganar da na gaji da jin ta: "Yaron nan ya lalace, a kai shi a gyara shi." Sai ka ce rediyo! Ni ban yarda da ita ba.

A shekarun 1950, Murray Bowen, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, yakan kwantar da majinyaci a asibiti tare da iyayensa don ya ga yadda suke zama. Ya lura cewa idan zama ya yi tsami tsakanin mutum biyu, sukan jawo na uku su sauke masa nauyin. Maigida ya ƙaurace wa matarsa, sai dai ya ce wa yaro, "Je ka gaya wa uwarka." Ita kuma ta mayar da shi wurin kai kukanta. Karatu ya gagare shi, ya fara kwana a waje. Ranar da ya yi laifi kuwa, ranar ce kaɗai iyayen ke magana da murya ɗaya. To, yaya za a yi ya daina?

Ban ce yaro ba ya laifi ba, yana yi. Amma masu cewa duba gida gaba ɗaya tunanin Turawa ne, su koma Suratun Nisa'i, aya ta 35. Idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, masu sulhu biyu aka ce a tura, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Mu kuwa mun bar ma'auratan da gabarsu, mun ɗauko wa yaron bulala.