ZUMUNTAR 'YAN JAMI'A DA HIDIMAR JAMA'A

A jami'o'in ƙasar Amurka akwai waɗansu ƙungiyoyin zumunta na ɗalibai, na maza daban na mata daban, waɗanda kan raɗa wa kansu suna da haruffan Girkanci biyu ko uku. Al'adar tsohuwa ce, gama ta farkonsu, watau Phi Beta Kappa, an kafa ta tun 1776, shekarar da Amurka ta yi shelar 'yancin kanta. Yawancin labarin da kan iso nan game da su na shaye-shaye ne da sharholiya da azabtar da sababbin shiga. Labarin ba ƙage ba ne, za a kuwa zo kansa. Amma akwai aikin da waɗansunsu suka shekara fiye da ɗari suna yi wa talakawa a fannin ilmi da lafiya, wanda ya cancanci duk mai riƙe da takardar jami'a a ƙasar nan ya san shi, ya kuma auna kansa da shi.

Inda aikin ya fi fitowa fili shi ne a ƙungiyoyin baƙar fata. A farkon ƙarni na ashirin ɗan baƙar fatar da ya yi sa'ar shiga jami'ar Turawa yakan tarar da ƙofofin ƙungiyoyinsu a rufe, sau da yawa ma har da ɗakunan kwana. Saboda haka ne ɗalibai bakwai suka kafa Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell a 1906, don su riƙa tallafa wa juna har su ƙare karatu. Bayan shekara biyu 'yan mata suka kafa Alpha Kappa Alpha a Jami'ar Howard da ke birnin Washinton. Kafin ƙarshen 1963 manyan ƙungiyoyin irin wannan sun kai tara, biyar na maza huɗu na mata, biyar daga cikin taran kuwa a Howard aka haife su.

Abin da ya bambanta su da sauran shi ne, ba a fita daga cikinsu ranar da aka karɓi digiri. Wanda ya ƙare karatu yakan koma reshen tsofaffin ɗalibai na garin da aiki ya kai shi, ya ci gaba da biyan kuɗin ƙa'ida da halartar taro har tsufansa. A waɗannan rassa ne likitoci da malaman makaranta da lauyoyi ke haɗuwa, su ne masu kuɗin da sanin aikin, su ne kuma suka ɗauki nauyin mafi yawan abin da aka yi.

A 1934 shugabar Alpha Kappa Alpha, wata malamar makaranta mai suna Ida Jackson, ta kai 'yan ƙungiyar garin Lexington na Jihar Misisifi don su buɗe wa malaman makarantun ƙauye kos a lokacin babban hutu. Da suka isa sai suka tarar cuta da yunwa sun riga jahilci samun wurin zama a gidajen mutane, yaron da masassara ta kayar kuwa ba ya ɗaukar karatu. Mutanen yankin manoman auduga ne, suna noma gonakin Turawa bisa rabon amfani, bashi ya yi musu kanta, da yawansu ba su taɓa ganin likita ba tun da aka haife su. Sai ƙungiyar ta sake shawara. A 1935 ta tura likita Dorothy Ferebee da ayarin mata 'yan sa-kai, masu jinya da malamai, suka tuƙo motocinsu tun daga Washinton da nufin buɗe ƙananan asibitoci a majami'u da makarantu.

Suka buɗe, amma ba a zo ba. Masu gonakin sun hana ma'aikatansu barin aiki, suna tsoron kada waɗannan baƙi masu ilmi su buɗe musu ido. A nan ne da yawan masu aikin agaji kan naɗe kayansu, su koma gida su rubuta rahoton cewa jama'a ba su ba da haɗin kai ba. Su waɗannan mata sai suka loda magunguna a motoci suka bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, inda aka bar su su tsaya nan suka kafa teburi a gindin itace. Suka yi wa yara allurar rigakafin agana da mashaƙo, suka ba manya maganin zazzaɓin cizon sauro da tunjere, suka koya wa iyaye mata irin abincin da jikin yaro ke bukata. Daga 1936 suka mayar da aikin gundumar Bolivar, suka kuwa dinga komawa kowace shekara har farkon shekarun 1940, sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo ƙarancin man fetur aka dakatar. An ƙiyasta yaran da aka yi wa allura sun kusa 15,000.

Abin lura a nan ba yawan allurar kaɗai ba ne. Kuɗin ƙungiyar ne, watau gumin 'yan ƙungiyar, aka fara aikin da shi. Waɗanda suka ba da kuɗin kuma su ne suka bar hutunsu suka shiga zafi da ƙura da wulakanci. Sa'an nan ba sau ɗaya suka je aka ɗauki hoto aka watse ba.

Delta Sigma Theta, wadda 'yan mata 22 suka kafa a Howard a watan Janairu na 1913, ba ta cika wata biyu da haihuwa ba ta shiga jerin gwanon neman 'yancin zaɓe na mata a Washinton, ran 3 ga Maris. A 1937 ta fito da shirin kai littattafai ƙauyukan Kudancin Amurka, inda ɗakunan karatu na gwamnati ba su buɗe wa baƙar fata ƙofa. Rassa suka yi karo-karo na kuɗi da littattafai, aka soma da kwanduna, daga baya aka kai ga motoci masu yawo da littattafai. Ƙungiyoyin maza su kuma suka fi mai da hankali ga samari. Tun shekarun 1920 Alpha Phi Alpha ke aika 'yanta makarantu da majami'u su roƙi iyaye kada su cire yaro daga makaranta don ya kama ƙodago, tana kuma ba da kuɗin karatu. Kappa Alpha Psi ta soma shirinta na shiryar da samari wajen zaɓen sana'a a birnin St. Louis a 1922, yana nan har yau. Omega Psi Phi ce ta ba masanin tarihi Carter Woodson goyon bayan keɓe mako guda don tarihin baƙar fata. Shi ya kafa makon a watan Fabrairu na 1926, a 1976 aka mai da shi wata guda cur.

Da irin wannan tarihi ne gwamnatin Amurka ta ga ana iya ba su amana. A 1965 ta damƙa wa Alpha Kappa Alpha cibiyar koya wa 'yan mata marasa galihu sana'a a birnin Cleveland, ƙungiyar ta riƙe ta shekara 30. Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar hana wariyar launin fata a makarantun gwamnati a 1954, da Martin Luther King, duka biyunsu 'yan Alpha Phi Alpha ne. Afirka ma ba baƙuwa ba ce a wannan labari, domin Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah na Gana sun shiga Phi Beta Sigma lokacin da suke karatu a Amurka, Zeta Phi Beta kuwa ta buɗe reshe a Monrobiya ta ƙasar Laberiya tun 1948.

Sauran ƙungiyoyin, waɗanda yawancin 'yansu Turawa ne, sun fi ƙarfi wajen tara kuɗi. A Jami'ar Jihar Pensilbaniya akwai gasar rawa da ƙungiyoyin zumunta suka soma a 1973, wadda yanzu ta zama ta ɗaliban jami'ar baki ɗaya. Akan yi sa'a 46 a tsaye, ba zama ba barci, an kuwa tara sama da dala miliyan 200 don yara masu ciwon daji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake wanda ya aika da kuɗi bai kai wanda ya je da ƙafarsa sanin halin da mabukaci ke ciki ba.

To, amma fa a wannan jami'a ce wani saurayi ya mutu a 2017, bayan an ɗura masa giya a daren karɓarsa cikin wata ƙungiya, ya faɗo daga bene, abokan nasa kuma suka yi sa'o'i ba su kira likita ba. A shekarar kaɗai ɗalibai huɗu suka mutu ta irin wannan hanya a jami'o'i huɗu. Ƙungiyoyin baƙar fata su ma hannunsu ba tsarkakke ba ne. Shugabanninsu sun haramta tsohuwar hanyar horon sababbin shiga tun 1990, amma bayan shekara huɗu aka doke wani ɗalibi har lahira a Jihar Misuri, a watan Fabrairu na 2025 kuma wani ya sake mutuwa a Jihar Luwiziyana. Sai da ta kai majalisar dokokin Amurka ta yi doka, aka sa mata hannu a watan Disamba na 2024, wadda ta tilasta wa jami'o'i su riƙa bayyana irin waɗannan laifuffuka a rahotonsu na shekara. Ga kuma girman kai da wariya. Tun shekarun 1950 masanin zamantakewa Franklin Frazier ya zargi masu ilmin baƙar fata da ɓata kuɗi wajen liyafa da nuna isa, a 2013 kuwa jaridar ɗaliban Jami'ar Alabama ta tona cewa ƙungiyoyin 'yan matan Turawa na can suna ƙin karɓar baƙaƙe.

Masu kare duka da wulakanci sukan ce wai da haka ake ɗaure zumunta ta yi ƙarfi. Wannan magana ba ta da tushe. Babu allura ɗaya da aka yi a Misisifi, babu littafi ɗaya da ya isa ƙauye, wanda bulala ta kai shi. Abin da ya riƙe waɗannan ƙungiyoyi shekara ɗari shi ne aikin da suke yi a bainar jama'a, da littafin kuɗi, da taron shekara inda ake tambayar shugabanni. Duk abin da ake yi cikin duhu kuwa gawa ya jawo musu da shari'a da zubar da mutunci.

Nijeriya ta ga abin da kan faru in aka ɗauki ɓawon aka bar ƙwayar. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Badun, da nufin yaƙi da ƙabilanci da kwaikwayon Turawa. Daga baya waɗansu suka ɓalle, waɗansu kuma suka kafa nasu, aka riƙe rantsuwa da sunayen ɓoye da horon dare, aka yar da manufa. Ita uwar ƙungiyar ta janye daga harabar jami'o'i a 1984, amma aikin gama ya gama. Ran 10 ga Yuli, 1999, 'yan ƙungiyar asiri suka shiga ɗakunan kwanan Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife da dare, suka kashe ɗalibai biyar. Saboda haka ba wanda zai ce a kwaso haruffan Girkanci a kawo jami'o'in ƙasar nan, hukumomin jami'a kuma suna da gaskiya da suke ƙin duk ƙungiyar da ke ɓoye sunayen 'yanta.

Abin da ya dace a ɗauka shi ne tsarin reshen tsofaffin ɗalibai, wanda kuwa akwai shi a nan, ba a dai ɗora masa kayan da zai iya ɗauka ba ne. Da wuya a sami sakandare ko kwaleji mai shekaru a ƙasar nan da ba ta da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a cikinsu akwai likitoci da injiniyoyi da manyan sakatarori da attajirai. Waɗansu sun gina azuzuwa, sun haƙa rijiyoyi, sun biya wa marayu kuɗin jarrabawa, ya kamata a yaba musu. Amma da yawa aikinsu bai wuce cin abincin dare na shekara, da anko, da kalanda, da karrama wanda ya sami muƙami ba. In ma an yi gini, da an buɗe an kafa allon sunaye shi ke nan, ba mai komawa ya ga ko akwai malami a ajin.

Bukatar kuwa ba sai an tafi da nisa ba. Cutar mashaƙon nan da matan Alpha Kappa Alpha suka yi wa rigakafi a 1935, ita ce ta ɓarke a Kano da Yobe da maƙwabtansu a 2023, ta halaka ɗaruruwan yara, yawancinsu ba a taɓa yi musu allura ba. Likitocin da ke cikin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai guda ɗaya sun isa su bi ƙauyukan gunduma guda tare da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma, su shawo kan iyayen da ba su yarda da baƙo ba amma za su saurari ɗan gari.

Ya kamata kowace irin wannan ƙungiya ta zaɓi gunduma ɗaya da aiki ɗaya, ko rigakafi, ko karatun 'yan mata, ko shirya yara don jarrabawar shiga jami'a, ta ɗaure kanta da shi na shekara biyar aƙalla, ta ware masa kaso sananne daga kuɗin ƙa'ida. Ta kuma jawo ƙannenta da ke jami'a yanzu cikin aikin a lokacin hutu, domin saurayin da ke neman inda za a san da shi, in bai samu a nan ba zai samu a wajen masu taron dare. Ma'aikatun ilmi na jihohi su buɗe musu ƙofar makarantu ba tare da jan rai ba. A taron shekara kuma, kafin a zuba abinci, sakatare ya tashi ya karanta yawan yaran da aka ɗauka, da yawan waɗanda suka ci jarrabawa, da waɗanda suka bar makaranta da dalilin barinsu, ma'aji ya biyo baya da rasit.