Rumbu Cike, Ciki Ba Lafiya: Ina Matsalar Take a Ƙasar Gangara?

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai sayar da shinkafa da wake ta bugo mana waya daga Gangara, ana tsakiyar shirinmu na lafiya a gidan rediyo. Ta ce shekara biyu ke nan cikinta bai ba ta hutu ba: kumburi, ƙwannafi, wata rana zawo, wata rana kuma kwana uku ba ta zagaya ba. Abin da ya fi damunta ma, in ji ta, shi ne ta zama mai saurin fushi, har masu sayen abincinta sun fara cewa Hajiya ta canza. Ta lissafa mana kuɗin da ta kashe wurin mai maganin tebur, ya haura jika 40. Kafin a rufe shirin, mutum bakwai suka bugo da irin wannan kuka, biyar daga cikinsu mata ƴan kasuwa ne daga yankunan Gazawa, Agye da Gidan Runji.

To, jama'a masu karatu, wannan ne ya sa na ga ya dace mu duba maganar a wannan shafi. Duk lokacin da aka tashi zancen abinci a ƙasar nan, zancen buhu ne da tiya. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso, domin farashi ya sauko. A 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, kuma a watan Yuli na wannan shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwar mutuwar yara 652 saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida kacal. Katsina kuwa ga mutumin Gangara ba nisa ba ce, maƙwabta ne, ana auratayya, ana cin kasuwa tare. Duka wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai raina maganar farashi. Sai dai akwai rabin zancen da ba a cika taɓawa ba, wato abin da ciki yake yi da abincin bayan an haɗiye shi.

Waɗanda suka ga 2005 ba su manta ba. Bayan fari da farin dango na 2004, buhun hatsi ya kai wajen jika 30, kuma MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar, kaso mai yawa a nan jihar Maraɗi. Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne, Maraɗi ce rumbun ƙasa, kasuwanninta cike da hatsi, amma ita ce kan gaba a tamowa. Har a shekarun da damina ta yi kyau cibiyoyin ba sa rasa yara, kuma binciken ƙasa na 2022 ya nuna fiye da rabin yaran jihar ƴan ƙasa da shekara 5 tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Talauci na ciki, haihuwa kusa-kusa na ciki. Amma hanjin yaron ma na ciki.

Ga yadda abin yake. A cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, biliyoyi, mafi yawansu masu amfani ne. Abincinsu shi ne abin da mu muke rainawa: dusar hatsi, ɓawon wake, ganye. Idan suka samu, sai su samar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji, su kuma tare wa miyagun ƙwayoyin cuta wuri. Idan yaro yana shan ruwa mai datti, yau zawo gobe zawo, bangon hanjin nan yakan kumbura ya lalace, har ya zama ko an ba shi abinci mai kyau ba ya tsotse amfaninsa yadda ya kamata. Uwa ta ɗura kunu, kunu ya wuce. A 2013 masu bincike ƙarƙashin Farfesa Jeffrey Gordon na Amurka sun bi tagwaye a ƙasar Malawi, gida ɗaya, tukunya ɗaya, amma ɗaya ya kamu da tamowa ɗaya bai kamu ba. Da suka ɗebi halittun hanjin mai tamowar suka sa wa ɓeraye, suka ciyar da su irin abincin ƙauyen, sai ɓerayen suka rame. A 2021 kuma a Bangaladash aka gwada wani haɗi na gyaɗa, waken suya, ɗanyar ayaba da wani irin wake a kan yara 123 har wata uku. Yaran da suka ci shi sun fi ƙara nauyi a kan waɗanda aka ba abincin agajin da aka saba, ko da yake haɗin bai kai shi maiƙo da ƙarfi ba. Ku lura da kayan haɗin: kusan babu wanda ba a zuba shi a faifai a kasuwanninmu.

Sai maganar fushin Hajiya. Hausawa dai tun da can sun haɗa ciki da hali, shi ya sa muke cewa baƙin ciki da farin ciki, kuma likitocin zamani sun zo sun tarar da mu a nan. Akwai babbar jijiya da ta haɗa hanji da ƙwaƙwalwa, saƙo na hawa yana sauka, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin serotonin da ke jikin mutum a hanji ake yin sa. A Ostareliya a 2017 an ɗauki mutum 67 masu ciwon damuwa, aka gyara wa rabinsu abinci na mako 12; kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan suka samu sauƙi sosai, alhali a ɗaya rukunin kashi 8 ne cikin 100. Mutum 67 ba su da yawa, saboda haka kada wani ya ce na ce miyar kuka na maganin taɓin hankali. Wanda damuwa ta kwantar, likita zai gani. Kuma hanyar tana tafiya ta ɓangare biyu: ƴar kasuwar da ta kwana tana tunanin zubin adashi da bashin dillali, cikinta ne zai fara shaida mata da safe.

Yanzu mu dubi kwanonmu da kanmu. Shekaru 30 da suka wuce, karin kumallon ɗan kasuwa fura ce da nono, dare tuwon hatsi miyar kuka ko kuɓewa da daddawa, tsakani kwaɗon zogala ko tafasa. Yau da yawa sun koma burodi da shayi mai sukari cokali huɗu, rana taliya da mai da yaji, a kora da lemon roba. Ban ga laifin kowa ba, taliya ba ta son surfe ko daka, ba ta cin itace da yawa, kuma macen da ta wuni a rumfa ba ta da ƙarfin turmi da almuru. Amma gaskiya ita ce farar taliya da farar shinkafa an cire musu kusan duk abin da halittun nan suke ci. Abin takaici, manomin Gangara yakan sayar da wakensa tun kaka, ya riƙe kuɗin yana sayen taliya. Nono mai tsami da daddawa da kunun da aka jiƙa gasararsa ta kwana, duk abinci ne da aka bari ya yi tsami, kuma a 2021 jami'ar Stanford ta nuna cewa mutanen da suka yawaita cin irin wannan abinci na mako 10 halittun hanjinsu sun ƙaru iri-iri, alamun kumburi a jininsu sun ragu. Mu kuwa mun ajiye daddawa mun rungumi dunƙulen ɗanɗano, uku ko huɗu a tukunya ɗaya, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum a yini ya wuce giram 5, ƙaramin cokali ɗaya ke nan.

Kada kuma a ɗauka duk abin gargajiya lafiya ne. Furar da aka dama da ruwan da ba a san asalinsa ba, da ludayi ɗaya na yawo baki goma, ita ce hanyar kwalara. A 2018 cutar ta ɓarke daga yankin Madarunfa ta kama mutum fiye da 3,000. Gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Iyayenmu masu ƙuli-ƙuli da tunkuza sun san wace gyaɗa ake sayowa da araha. Wannan araha a cikin ƴaƴan wasu take ƙarewa.

Inda kuɗin Hajiya suka tafi, nan ne na fi jin zafi. Mai tebur yakan ba da kafso biyu ko uku na maganin kashe ƙwayoyin cuta ga duk wanda ya ce ciki, maganin kuwa ba ya tantance mai amfani da mugu, shara yake yi. Sannan a haɗa da maganin ciwon jiki irin su diklofenak, wanda shi kansa yana ƙwaƙule bangon ciki idan aka dinga sha, balle ba a ci komai ba. Gyambon ciki da muke ɗora wa yunwa da yaji, mafi yawansa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitocin Ostareliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwada ta, ana kuma kashe ta da magani na kamar mako biyu a hannun likita. Shekara biyu da jika 40, ga abin da watakila mako biyu zai raba! Zawon yara kuwa, maganinsa na farko ruwan gishiri da sukari na leda ne da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, kuma tun 2014 allurar rigakafin yara a Nijar ta haɗa da ɗigon da ke kare su daga ƙwayar rota, babbar mai kawo zawo mai kisa. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko baƙin kashi kamar kwalta, ko rama ba dalili, wannan ya wuce gyaran abinci, asibiti zai nufa a ranar.

Saura hukuma. Kowace ranar kasuwa ana yankar tikiti a hannun mai faifai da mai rumfa, ba a taɓa mantawa ba. Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024 aka naɗa kantomomi, su ke da alhakin wannan kuɗi. Ƴan kasuwar Gangara da Gazawa suna da shugabanni, suna da sarkin kasuwa, kuma suna da ikon zuwa su tambayi nawa aka tara a shekara, nawa ne kuma kuɗin kafa famfo ɗaya da makewayi biyu a gefen ƴan fura da masu tuwo.