Martani: Jiƙon Gargajiya Ba Ya Kashe Tarin Fuka

Malam, na karanta rubutunka da ka ce zuma da citta da kanumfari sun wadatar ga kowane busasshen tari, wai zuwa asibiti ɓata kuɗi ne. Wannan magana tana iya kashe mutum.

Zuma tana da hujja. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2018, wanda Olabisi Oduwole ta jagoranta, ya tattara gwaje-gwaje 6 a kan yara 899, ya nuna tana rage tarin mura na 'yan kwanaki. Iyakarta ke nan, kuma ba a bayar da ita ga jaririn da bai shekara ba, saboda tana iya kasancewa ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jiki. Citta da kanumfari kuwa suna ɗumama maƙogwaro, amma hujjarsu ba ta kai ta zuma ba.

Direban da ke shaƙar ƙurar hunturu da hayaƙin tireloli a gindin Dutsen Zuma, daga Madalla zuwa Suleja, yana iya jin sauƙi da jiƙonka. To mai tarin fuka fa? Ko mai hawan jini da maganin lisinopril ke sa shi tari?

Tarin da ya kai mako 2, musamman da rama ko zufar dare, gwajin majina yake bukata. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ka janye maganarka, Malam, rayukan mutane ne.