Kafin a ce wa soja ya matsa, a biya kuɗin ƙaura

Zangon da muryar rediyo da kiran salula ke bi a cikin iska dukiyar ƙasa ne, kuma ba shi da yawa. Hukumar ARCEP ce ke rabon shi a Nijar, ba kuma kyauta ba: a 2018 sefa miliyar 12 Airtel ya biya don samun lasisin 4G. Masu kallon bidiyo a salula sai ƙaruwa suke, kamfanoni kuma sai neman ƙarin zango suke. A ƙasashe da yawa sojoji da gidajen talabijin na riƙe da yanki mai kyau. Ranar da za a ce su matsa, wa zai biya kuɗin tashi?

Amurka ta amsa wannan tambaya tun 2004 da doka. Ta buɗe asusu na musamman, ta ce abin da aka samu daga gwanjon zango, da shi za a biya hukumar da aka tayar. A gwanjon da aka rufe a farkon 2022, kamfanonin waya sun zuba sama da dala miliyar 22 don wani zango da na'urorin hangen jiragen soja ke amfani da shi, aka kuma ƙiyasta kuɗin ƙaurar da sama da miliyar 13. Wato fiye da rabin cinikin aka ƙiyasta zai tafi wajen sauya kayan aiki. Ba mu da irin wannan aljihu, amma tsarin nake so mu duba.

Shi zango tamkar fili ne. In gwamnati na son filinka don a yi kasuwa, ba ta ce maka ka kwashe kayanka kafin asuba. Sai ta auna, ta biya diyya, ta nuna maka inda za ka koma. Rediyon soja an ƙera shi ne don ya yi aiki a wani zango. Sauya zango na nufin sababbin na'urori a kowace mota da kowane sansani, da horar da masu riƙe su. Sojan da ke sintiri a dajin Tillaberi ko Diffa, in kiransa ya katse na minti biyar, rai ne a bakin ajali. Ban yarda a ciri wannan kuɗi daga kasafin tsaro ba, a lokacin da ake yaƙi. Wanda zai ci ribar zangon, shi ya kamata ya biya.

Mun ma riga mun ga yadda ƙaura ke tafiyar hawainiya in ba a tanadi kuɗinta ba. Yarjejeniyar Jiniba ta 2006 ta sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin ranar barin tsohon tsarin talabijin, abin da zai ba da damar sakin zangon megahaz 700 da 800. Ƙasashen Afirka da yawa sun wuce wa'adin, domin tashoshin watsawa da akwatunan da magidanta za su saya duk kuɗi ne. Ga shi kuwa wannan zango shi ne ya fi dacewa da mu. Yana tafiya nesa, yana ratsa bangon laka, eriya guda ta wadatar da garuruwa da dama, a ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000.

Mu a Yamai ƙorafinmu shi ne bidiyo na tsayawa. Wani ƙanena a wani ƙauye can yankin Dogon Dutsi, salularsa a cikin leda take kwana, rataye a reshen wata bedi, don nan kaɗai rezo ke kamawa. In na aika masa kuɗi, sai wani yaro ya hau ya sauko da ita kafin ya ga saƙon.

Saboda irinsa nake cewa kuɗin lasisi kada ya riƙa narkewa cikin baitulmali kamar sauran haraji. A fara da ƙidaya: wane zango ke hannun wa, wanne ake aiki da shi, wanne ke zaune kawai. Ba sai an tona sirrin tsaro a jarida ba, ARCEP da rundunar soja za su iya yin wannan a ɗaki rufe. Sojojin Faransa sun bar ƙasar a ƙarshen 2023, na Amurka a 2024. Zangunan da suka yi aiki da su a Yamai da Agadas ma su shiga lissafin. Daga nan a kafa asusun ƙaura da doka, a kuma rubuta a cikin lasisin duk kamfanin da ya karɓi zangon yawan ƙauyukan da zai kai wa rezo, da shekarar da zai kammala.