Bayan Amalgam: Wane Danƙo Ya Dace da Asibitocin Haƙori?

Sama da shekara ɗari da hamsin likitoci suna cike kogon haƙori da amalgam, wato haɗin zaiba da garin azurfa da kuza da jan ƙarfe. Amalgam ba ya mannewa a jikin haƙori. Likita ne ke sassaƙa ramin yadda cikinsa zai fi bakinsa faɗi, sai cikon ya maƙale, kuma a wajen sassaƙar ana asarar sashen haƙori mai lafiya. Yanzu zamaninsa na shuɗewa. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce, kuma Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya da Nijar suka amince da ita, ta wajabta rage amfani da shi. Magadansa duka a kan mannewa suka dogara. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, a zaɓi danƙon ciko bisa halin da asibiti yake ciki, domin ingancinsa a rataye yake da yanayin da aka shafa shi.

Tushen wannan fasaha yana komawa ga 1955, lokacin da Michael Buonocore na birnin Rochester a Amurka ya nuna cewa idan aka shafa asid na fosforik a farin ɓawon haƙori, wato inamel, yakan bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Ruwan roba ya kwarara cikinsu ya daskare, ya riƙe gam. A farkon shekarun 1960 Rafael Bowen ya haɗa sinadarin Bis-GMA, wanda har yau shi ne ginshiƙin yawancin farin ciko. Inamel bai ba masana wahala ba, domin kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne, kuma yana bushewa sarai.

Wahalar tana ga dentin, ƙashin da ke ƙarƙashin ɓawon. Kusan kashi 70 nasa ne ma'adini, sauran kuwa zaren kolajin ne da ruwa, ga kuma ƙananan kafofi masu tsattsafo da danshi daga cikin haƙori. Roba kuwa ba ta shiri da ruwa. A 1982 Nobuo Nakabayashi na Japan ya bayyana yadda roba ke ratsa zaren kolajin bayan asid ya narkar da ma'adinin da ke lulluɓe da shi, su sarƙe su zama shimfiɗa guda. Kamfanin Kuraray kuma ya fito da sinadarin 10-MDP, wanda ke ƙulla alaƙa kai tsaye da kalsiyam na haƙori.

Sai dai wannan nasara tana da sharuɗɗa. Idan dentin ya bushe da yawa, zaren kolajin yakan kwanta, roba ta kasa shiga. Idan ya jiƙe da yawa, ruwa ya tsinka danƙon. Ɗigon yawu ko jini kan raunana aikin. Farin ciko yana buƙatar shuɗin haske mai ƙarfi kafin ya daskare, kuma yana tsukewa yayin daskarewa. Inda riƙon ya yi rauni, sai a sami tsaga tsakanin ciko da haƙori, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayoyin cuta su kutsa, ruɓa ta dawo. Bugu da ƙari, zafi yana rage ƙarfin danƙon tun yana kwalba, har wasu nau'o'insa sai an ajiye su a firji. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40 kuma lantarki ba shi da tabbas, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Akwai wata hanyar. A 1972 Alan Wilson da Brian Kent suka gabatar da simintin gilas-ayonoma a Ingila: garin gilashi ne da ake kwaɓawa da wani asid, ya daskare da kansa ba tare da haske ba. Yana manne wa kalsiyam na haƙori, yana jure ɗan danshi, yana kuma fitar da fuloraid. A tsakiyar shekarun 1980 Jo Frencken ya fara amfani da kayan hannu kawai a Tanzaniya wajen kankare ruɓa, dabarar da daga baya aka haɗa ta da wannan siminti, ba injin huda ba lantarki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna.

Masu suka na cewa ba ya jure tauna kamar farin ciko, kuma bai kai shi kyan gani ba. Gaskiya ne, musamman a babban kogon da ya ci gefen turmi. Amma a ƙaramin kogo, da haƙoran yara, da ruɓar gindin haƙori, yana yin aiki mai gamsarwa. Cikon da ya zauna daram ya fi mai tsada da ya ɓalle bayan 'yan watanni, ya mayar da majinyaci ga ciwo ko cire haƙorin.

Saboda haka, ya kamata makarantun koyon likitancin haƙori su ba hanyoyin biyu daraja ɗaya a manhajarsu. Masu sayen kayan asibiti kuma, kafin su duba sunan kamfani, su duba ko akwai firji, da fitilar da aka auna ƙarfinta, da na'urar tsotse yawu. Inda waɗannan suka samu, a yi farin ciko. Inda babu su, gilas-ayonoma ne zai fi tsare wa majinyaci haƙorinsa.